Tambayoyi da Amsoshi Kan Rage Bashin Katin Kiredit da Ƙaramin Ƙari a Kan Biyan Wata

Waɗannan tambayoyi sun shafi mutumin da bashi ya taru masa a katin kiredit, wanda ba shi da halin sauke shi a lokaci guda, amma yana iya ɗora wani abu kaɗan a kan abin da banki ke nema kowane wata. Ba a ɗaure alƙaluman misalan da kuɗin wata ƙasa ba, domin lissafin kuɗin ruwa iri ɗaya ne ko da wane irin kuɗi aka ci bashin. Sharuɗɗa kuwa sun bambanta daga banki zuwa banki, saboda haka duk inda aka sami saɓani, yarjejeniyar da mai kati ya sa wa hannu ita ce abin dubawa.

Me ya sa bashin ba ya raguwa, alhali ina biyan abin da banki ya nema kowane wata?

Saboda kuɗin ruwa ne ke lashe mafi yawan abin da ake biya, ɗan abin da ya rage ne kawai ke taɓa uwar bashin. Bankuna da dama suna fitar da mafi ƙarancin biya, wato adadin da dole a biya kowane wata, ta hanyar haɗa ruwan watan da kashi 1 cikin 100 na bashin, wasu kuma suna ɗaukar kashi 2 ko 3 cikin 100 na jimillar, tare da wani ƙayyadadden adadi da ba a sauka ƙasa da shi. A Birtaniya, alal misali, duk katin da aka buɗe daga watan Afrilun 2011 dole ne mafi ƙarancin biyansa ya ƙunshi kuɗin ruwa da caji da aƙalla kashi 1 cikin 100 na uwar bashin.

A ɗauka ana bin mutum 100,000, kuɗin ruwan kuma kashi 24 cikin 100 ne a shekara, wato kimanin kashi 2 a wata. A watan farko banki zai nemi 3,000, amma 2,000 daga ciki ruwa ne, 1,000 kaɗai ke fita daga bashin. A wata na biyu saura 99,000, sai abin da ake nema ya sauka zuwa 2,970, kuma haka zai riƙa sauka sannu a hankali muddin bashin na raguwa. A nan tarkon yake, domin saukar tana zuwa wa mutum da kamannin sassauci, alhali ita ce ke tsawaita zamansa cikin bashi. Wanda ya bi wannan tsari, ko da bai sake sayen komai da katin ba, sai ya shafe kusan wata 69 kafin bashin ya koma rabi. Bayan shekara 10 kuwa ana bin sa kusan 30,000, bayan ya riga ya biya kusan 140,000 na ruwa zalla, wato fiye da abin da ya ranta tun farko.

Yaya banki ke lissafa kuɗin ruwan?

Yawancin bankuna kullum suke lissafa shi. Suna raba ruwan shekara, wanda ake rubutawa APR a takardar kati, zuwa kwana 365, sannan su ninka shi da abin da ake bin mutum a kowace rana, su tara jimillar a ƙarshen wata. A misalinmu, bashin 100,000 yana haifar da kusan 66 a kowace rana. Ruwan da ba a biya ba yana hawa kan bashin, shi ma ya fara haifar da nasa.

Akwai kuma wa'adin sassauci da ake ba mai kati tsakanin ranar fitar da takardar bayanin wata da ranar biya, wanda a Amurka doka ta ce ba zai gaza kwana 21 ba. Wanda ya biya duk abin da ke kan takardar a cikin wannan wa'adi ba ya biyan ruwa a kan sayayyarsa. Da zarar ya bar wani abu ya tsallaka zuwa wata na gaba, yawanci ya rasa wannan alfarma, kuma sabuwar sayayya ma tana fara tara ruwa daga ranar da aka yi ta.

Ba ni da rarar kuɗi ko kaɗan. Akwai abin da zan iya yi?

Akwai, kuma a ganina shi ne mataki mafi ƙarfi a duk wannan batu: mutum ya tsayar da biyansa a kan adadin da ya biya a wannan watan, ya ƙi bin mafi ƙarancin biya yayin da yake sauka. Wanda ya iya biyan 3,000 a watan farko zai iya biyan 3,000 a wata na biyu, domin aljihunsa ya riga ya saba da fitar wannan kuɗi. A bashin nan na 100,000, tsayawa a kan 3,000 kaɗai yana kammala biya cikin wata 56, ƙasa da shekara biyar, kuma jimillar ruwan ba za ta wuce kusan 66,000 ba. A kwatanta wannan da wanda ke bin mafi ƙarancin biya, wanda bayan shekara 20 ma ana bin sa kusan 9,000. Ba a ƙara komai a kan biyan watan farko ba, abin da aka yi kawai shi ne hana biyan raguwa.

Dalilin da ya sa hakan ke aiki shi ne, a kowane wata rabon ruwa a cikin 3,000 ɗin yana ƙanƙancewa, rabon uwar bashi yana girma. A farko 1,000 ne ke rage bashin, idan bashin ya sauko zuwa 50,000 kuwa ruwan ya koma 1,000, sai 2,000 su riƙa fita daga uwar. Shi ya sa shekarar farko take zama kamar ba a motsi, shekarar ƙarshe kuma bashin yake zubewa da sauri. Mutane da yawa suna karaya ne a wannan shekara ta farko, daidai lokacin da ya kamata su daure.

Shin ƙarin 200 ko 500 zai yi wani tasiri a kan bashi mai yawa haka?

Zai yi, domin mafi ƙarancin biya ya riga ya ɗauke ruwan watan, saboda haka duk abin da aka ɗora a kai yana faɗawa kan uwar bashin gaba ɗayansa, kuma daga ranar ya daina haifar da ruwa har zuwa ƙarshen biya. Idan aka mayar da biyan wata daga 3,000 zuwa 3,200, wa'adin yana sauka daga wata 56 zuwa wata 50, ruwan kuma ya ragu da kusan 8,000. Idan aka kai 3,500, bashin zai ƙare cikin wata 43, ruwan ya tsaya a kusan 50,000. Mai biyan 4,000 zai gama cikin kimanin wata 35 da ruwan kusan 40,000, mai biyan 5,000 kuma cikin wata 26 da ruwan kusan 29,000.

Abin lura a cikin waɗannan alƙaluma shi ne, ƙarin farko ya fi na baya tasiri. Dubun farko da aka ɗora a kan 3,000 ta yanke wata 21, dubu ta biyu kuwa wata 9 ta yanke. Wannan albishir ne ga mai ƙaramin ƙarfi, domin yana nufin ɗan abin da yake iya ƙarawa shi ne ke kan gaba wajen amfani, ba sai ya jira ranar da zai sami kuɗi masu kauri ba. Da yayyafi kogi kan cika, amma da sharaɗin yayyafin bai yanke ba: 200 da ake biya kowane wata ba fashi sun fi 2,000 da aka biya sau ɗaya aka manta.

Idan lamarin a fili yake haka, me ya sa mutane ke liƙe wa mafi ƙarancin biya?

Wasu rashin hali ne ya tilasta musu, wannan ba abin zargi ba ne. Wasu kuma adadin da suka gani a rubuce ne yake jan hankalinsu, su ɗauke shi tamkar shawarar banki ce ta abin da ya dace a biya. A 2009, Neil Stewart na Jami'ar Warwick a Ingila ya wallafa wani bincike da ya nuna cewa idan aka cire mafi ƙarancin biya daga takardar bayani, masu biyan wani ɓangare na bashinsu sukan zaɓi biyan fiye da abin da suke biya idan adadin yana gabansu.

Hukumomi ma sun lura da wannan. Dokar CARD ta 2009 a Amurka ta wajabta wa masu ba da kati su rubuta a takardar kowane wata tsawon lokacin da bashin zai ɗauka idan mafi ƙarancin ake biya, da kuma adadin da zai kammala shi cikin wata 36. A Birtaniya, tun 2018 hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi ta umarci bankuna su tuntuɓi duk wanda a cikin wata 18 ya biya ruwa da caji fiye da abin da ya rage daga uwar bashinsa, idan kuma aka kai wata 36 a haka, su gabatar masa da hanyar kammala biya cikin lokaci mai ma'ana. Wanda yake ƙasar da babu irin waɗannan dokoki zai iya yi wa kansa lissafin da ɗaya daga cikin manhajojin lissafin bashi da ke intanet, abu uku kawai ake buƙata: yawan bashi, ruwan shekara, da abin da zai riƙa biya.

Wanne ya fi, in biya sau ɗaya a wata ko in rarraba biyan mako-mako?

Tun da kullum ake lissafa ruwa, biya da wuri yana rage shi, amma kada a zuzuta abin. Idan aka biya 3,000 kwana 15 kafin ranar wa'adi a katin da ruwansa kashi 24 ne, abin da aka tsira da shi bai wuce kusan 30 ba a wannan watan. Riba ce, sai dai ba ita ke sauke bashi ba. Yawan abin da aka biya ya fi yawan lokutan da aka biya muhimmanci nesa ba kusa ba.

Amfanin rarraba biya a wani wuri yake. Na farko, kuɗin da aka tura ranar da suka shigo hannu ba sa samun damar salwanta a wata hidima kafin ƙarshen wata. Na biyu, kalanda tana taimakawa: shekara tana da mako 52, saboda haka wanda ke biyan rabin kuɗin wata duk bayan mako biyu zai yi biya 26, wato daidai da biyan wata 13 maimakon 12, ba tare da ya ji nauyin ƙarin ba. Ga mai karɓar albashi sau ɗaya a wata, ya wadatar ya biya a ranar albashi ko washegari.

Akwai kuskuren da ake yi wajen yin ƙananan biya a tsakiyar wata?

Akwai guda biyu da ya kamata a kiyaye. Kuɗin da aka biya kafin a fitar da sabuwar takardar bayani yawanci ana lissafa su ne a watan da ya gabata, ba sa ɗauke wa mutum mafi ƙarancin biyan da sabuwar takardar za ta nema. Mutum na iya tura kuɗi sau uku ya ɗauka ya wuce abin da ake nema, sai ya tarar an ci shi tarar jinkiri, saboda babu ko ɗaya da ya faɗo tsakanin ranar takarda da ranar wa'adi.

Na biyu ya shafi masu umarnin cire kuɗi kai tsaye daga asusu. Wasu bankunan suna rage abin da za su cira, ko ma su fasa cirewar, idan suka ga an riga an biya wani abu da hannu, ta yadda abin da mutum ya nufa a matsayin ƙari sai ya koma madadin biyan wata. Ya kamata a tambayi banki yadda tsarinsa yake. Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce a sa umarnin cirewa a kan tsayayyen adadi wanda ya haura mafi ƙarancin biya, sannan duk wani ƙari ya biyo bayan an ga cirewar ta wuce.

Ana cin tara idan mutum ya biya fiye da abin da aka nema, ko ya gama biya da wuri?

A katin kiredit ba a saba yin haka ba. Mutum yana da damar biyan ko nawa ne a kowace rana. Wasu rancen banki masu ƙayyadadden wa'adi ne ke ɗauke da cajin biya da wuri.

Katuna uku nake da su. A kan wanne zan ɗora ƙarin?

Kafin komai, a biya mafi ƙarancin kowane kati, domin tarar jinkiri ɗaya tana iya cinye ribar ƙarin watanni. Bayan haka a tattara duk ƙarin a kan kati ɗaya, kada a yayyafa shi a kan duka. Hanyoyi biyu ne aka fi sani wajen zaɓen katin.

Ta farko ita ce a fara da katin da ruwansa ya fi tsada, kuma a lissafi babu wadda ta kai ta. Idan wani kati yana ɗauke da 80,000 a kan kashi 30, wani kuma 20,000 a kan kashi 18, to 1,000 da aka biya a na farkon tana hana ruwan 300 a shekara, a na biyun kuwa 180 kawai. Ta biyu ita ce a fara da katin da bashinsa ya fi ƙanƙanta, ba tare da duba ruwa ba, domin a yi saurin ganin an rufe asusu ɗaya. Wannan hanya ta fi tsada a kuɗi, amma tana da masu goyon baya da hujjarsu: a 2012 David Gal da Blakeley McShane na Jami'ar Northwestern a Amurka sun nazarci bayanan masu fama da bashi, suka ga cewa waɗanda ke kammala asusu ɗaya bayan ɗaya sun fi yiwuwar kai wa ga ƙarshen biyan bashinsu duka.

Ra'ayina shi ne, idan tazarar ruwan katunan tana da faɗi, a bi lissafi a fara da mai tsada. Idan ruwan ya yi kusa da juna, ko kuma akwai wani ɗan bashi da za a iya kashewa cikin wata biyu ko uku, a kashe shi a huta da tunaninsa. Duk wadda aka zaɓa, abin da ke ba tsarin ƙarfi ɗaya ne: idan kati ya ƙare, kuɗin da ake biya masa ba sa komawa cikin kashe-kashen yau da kullum, ana haɗa su gaba ɗaya a kan kati na gaba, ta yadda jimillar abin da ake biya a wata ba ta sauka har sai an gama.

Kati ɗaya na iya ɗaukar ruwa iri-iri. Ina ƙarin nawa yake zuwa?

Haka ne, sayayya tana da nata ruwan, cire tsabar kuɗi a na'urar ATM yana da nasa wanda yawanci ya fi tsada, yana zuwa da caji, kuma ba shi da wa'adin sassauci, bashin da aka ɗauko daga wani kati shi ma yana da nasa. A Amurka, dokar 2009 ta ce abin da ya haura mafi ƙarancin biya dole ne a fara sa shi a kan ɓangaren da ruwansa ya fi yawa, amma shi kansa mafi ƙarancin, banki na iya sa shi a ɓangare mai araha. Ma'anar wannan ita ce, wanda bai taɓa ƙara komai ba yana iya barin ɓangare mafi tsada na bashinsa yana zaune ba a taɓa shi ba. A Birtaniya ma tun 2011 ana fara biyan ɓangare mai tsada. A wasu ƙasashe yarjejeniyar kati ce ke fayyace tsarin, kuma akwai sashe a cikinta da ke bayanin yadda ake raba biya.

Zan iya ci gaba da sayayya da katin yayin da nake biya?

Duk lissafin da ke sama an gina shi ne a kan cewa ba a ƙara sabon bashi. Wanda ya ƙara 500 a biya, sannan ya yi sayayyar 500 da katin a watan, bai matsa ko'ina ba, kuma kamar yadda aka ambata, sabuwar sayayyar tana tara ruwa tun daga ranarta ta farko. Ya fi kyau a koma amfani da katin cire kuɗi na asusun mutum ko tsabar kuɗi, a goge lambar katin bashin daga shafukan sayayya da manhajojin waya, a kuma duba kuɗaɗen rajista da ake cirewa kai tsaye kowane wata, domin sau da yawa akwai waɗanda mai katin ya daɗe da daina amfani da su. Soke irin waɗannan kaɗai kan samar da ƙarin da ake nema. Idan larura ta sa an yi amfani da katin, a biya kuɗin sayayyar nan take, daban da biyan wata.

In fara tara ajiya ne, ko in zuba komai a biyan bashin?

A lissafi, biyan bashin ya fi. Ajiyar da ke kawo kashi 5 a shekara ba za ta kamo bashin da ke cin kashi 24 ba, kuma duk 1,000 da aka cire daga irin wannan bashi daidai take da samun ribar 240 a shekara, ribar da babu kasada a cikinta. Sai dai wanda ba shi da ko kaɗan a gefe, ranar da mota ta lalace ko rashin lafiya ta zo, katin zai sake ɗauka, kuma ganin bashin ya koma inda ya fito yana kashe gwiwa fiye da yadda alƙaluma ke nunawa. Saboda haka yana da kyau a ware ɗan abin da zai tare ƙananan larurori, sannan sauran ya tafi kan bashi. Abin da ba shi da ma'ana shi ne a jibge kuɗi masu yawa a asusun ajiya tsawon shekaru ana kallon kati yana tara ruwa.

Kuɗin shigata ba tsayayye ba ne. Ta yaya zan tsayar da adadi?

A tsayar da shi a kan abin da za a iya biya ko a watan da kasuwa ta fi ja baya, muddin bai gaza mafi ƙarancin biya ba. A watannin da aka samu, sai a ware wani kaso da aka yanke tun farko, kamar kashi 10 ko 20 cikin 100 na abin da ya haura, a tura shi a ranar. Haka nan kuɗin da ba a sa rai da su ba, kamar ƙarin albashi, ladan aikin ƙarin lokaci, ko bashin da wani ya dawo da shi. Yanke kason kafin kuɗin su zo ya fi sauƙi a kan yanke shi suna hannu.

Mayar da bashin kan sabon kati marar ruwa fa, ko karɓar rancen banki a biya katin?

Dukansu na iya taimakawa idan an karanta sharuɗɗa. A ƙasashen da ake ba da katin mayar da bashi, ana yafe ruwa na wasu watanni, amma ana karɓar caji tun farko, yawanci tsakanin kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na abin da aka mayar. Ribarsa ita ce duk abin da aka biya a wannan wa'adi yana tafiya kan uwar bashi. Hanyar cin moriyarsa ita ce a raba bashin da yawan watannin rangwamen, a biya wannan adadi kowane wata. Jinkiri ɗaya na iya soke rangwamen, kuma abin da ya rage bayan wa'adin yana komawa kan cikakken ruwa. Rancen banki mai ƙarancin ruwa yana da fa'idar tsayayyen biya da ranar ƙarewa sananniya.

Haɗarin duka biyun iri ɗaya ne: tsohon katin ya koma fanko, mutum ya ji kamar ya sauke nauyi, ya sake cika shi, ya wayi gari da bashi biyu. Kafin a je ga waɗannan ma, babu laifi a kira banki a nemi ya rage ruwan, musamman ga wanda bai taɓa jinkiri ba. Ba kullum ake dacewa ba, amma tambayar ba ta cin komai.

Shin wannan yana gyara tarihin bashina a wurin masu ba da rance?

A inda ake da hukumomin adana tarihin bashi, yana gyarawa. A ma'aunin FICO, wanda ke ba mutum maki gwargwadon yadda yake tafiyar da bashinsa, kuma aka fi amfani da shi a Amurka, biya a kan lokaci yana da nauyin kashi 35 cikin 100, yawan abin da ake bin mutum kuma kashi 30, kuma a cikin wannan ana duba kason da ya ci daga iyakar bashin da banki ya yarje masa a katin. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada a wuce kashi 30 cikin 100 na iyakar, ƙasa da haka ya fi. Jinkirin da aka rubuta kuwa yana daɗewa: shekara 7 a Amurka, shekara 6 a Birtaniya.

Idan ko mafi ƙarancin biyan ya gagare ni fa?

To lamarin ya wuce batun ƙaramin ƙari, kuma ɓoyewa ba ta gyara shi. A tuntuɓi banki kafin ranar wa'adi ta wuce, a bayyana halin da ake ciki, domin bankuna da yawa suna da tsarin rage ruwa ko dakatar da caji na wani lokaci ga wanda ya shiga matsi. Akwai kuma ƙungiyoyin ba da shawara kan bashi waɗanda ba don riba suke aiki ba, kamar StepChange da Citizens Advice a Birtaniya, da ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin NFCC, gamayyar masu ba da shawara kan bashi a Amurka. A yi hattara da duk wanda ya nemi a biya shi kuɗi masu yawa tun farko da alkawarin goge bashi. Kuma kada a fifita kati a kan kuɗin haya, abinci, wuta da magani, kada kuma a ciri tsabar kuɗi daga wani kati don biyan wani.

Na biya duk abin da ke kan takarda, amma wata mai zuwa an sake turo mini wani ɗan bashi. Daga ina ya fito?

Ruwan kwanakin da ke tsakanin ranar fitar da takarda da ranar da kuɗin suka isa banki ne. Tun da kullum ake lissafi, waɗannan kwanaki ma sun tara nasu, kuma ba ya bayyana sai a takarda ta gaba. Mutane kan daina duba takardar da zarar sun ɗauka sun gama, sai wannan ɗan adadi ya zauna ba a biya ba har ya jawo tara. Wanda zai yi biyan ƙarshe ya tambayi banki cikakken adadin da zai rufe bashin a ranar da zai biya, sannan ya duba takardun wata biyu masu zuwa ya tabbatar sun nuna sifili.

Bayan an gama, a rufe katin ko a bar shi?

Ya danganta da katin da kuma mai shi. Katin da ake biya wa kuɗin shekara kuma ba a amfani da shi, rufe shi ya fi. Wanda ba shi da caji kuwa, barin sa a buɗe yana iya amfanar tarihin bashi, domin rufewa tana rage jimillar iyakar da mutum ke da ita, abin da ke sa kason da ya ci a sauran katuna ya hau. Amma wanda ya san cewa katin da ke aljihunsa ba ya zama fanko, ya rufe, ko ya nemi banki ya rage masa iyakar zuwa abin da zai iya biya gaba ɗaya a wata guda. Idan za a rufe, a fara mayar da duk cirewar wata-wata zuwa wani asusu, sannan a nemi banki ya ba da shaidar rufewa a rubuce.